Horon koyarwa ga waɗanda ba su karanta malanta ba a Zariya

Horon koyarwa ga waɗanda ba su karanta malanta ba shi ne ƙarin ilimin da mutum kan nema bayan ya tsinci kansa a gaban ɗalibai ba tare da ya bi ta kwalejin horar da malamai ba. A Zariya irin waɗannan suna da yawa: injiniyan da ke koyarwa a Kwalejin Nuhu Bamalli, likitan da ke karantar da ɗalibai a Asibitin Koyarwa na Shika, malamin gona, mai digirin lissafi a makarantar kuɗi a Sabon Gari, da malaman Islamiyya da na zaure a cikin birni. Sun san fanninsu, sai dai babu wanda ya nuna musu yadda ake gina darasi.

Takardar shaida

Doka mai lamba 31 ta 1993 ce ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, kuma manufar ilimi ta Najeriya ta sanya NCE, wato takardar shaidar kammala kwalejin horar da malamai, a matsayin mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa. Mai digiri a wani fanni yakan yi PGDE, wato diflomar koyon malanta ta bayan digiri, inda yake karanta halayyar ɗalibi, dabarun koyarwa, tsarin manhaja da auna fahimta, sannan a tura shi gwajin koyarwa a wata makaranta. Tun 2017 hukumar take shirya jarrabawar cancanta a kan kwamfuta kafin ta ba da lasisi.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da Tsangayar Ilimi da kuma Cibiyar Ilimi da aka buɗe a 1965. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Zariya ita ma a 1962 ta soma, daga baya aka ɗaga ta zuwa jami'a. Wanda aiki ya ɗaure kuwa, yakan bi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976 don karatu daga nesa.

Tsara koyarwa

Nan ne ainihin giɓin yake, kuma takarda kaɗai ba ta cike shi. Tsarin da ya fi shahara shi ne ADDIE, wanda aka fitar a Jami'ar Jihar Florida a 1975 don horar da sojojin Amurka. Matakansa biyar ne: a binciki buƙatar masu koyo, a zana tsarin darasi, a haɗa kayan koyarwa, a gabatar, a auna sakamako. Sabon malami yakan tsallake na farko ya faɗa kan na huɗu, don shi abin da ya sani ne yake cin sa, ba abin da ɗalibi ya rasa ba.

A ɗauki malamin gona da zai nuna wa manoman masara a Samaru yadda ake zuba taki. Idan ya soma da bincike, zai iya tarar da cewa sun daɗe da sanin takin, matsalarsu lokacin zubawa ce da kuma awo. To, darasin sai ya bar allo ya koma gona, a riƙa awo da murfin kwalba, a kuma auna fahimta ta hanyar sa manomi ya zuba da hannunsa. Rabe-raben manufofin koyo da masanin ilimi ɗan Amurka Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956 suna taimakawa a nan, domin sun bambanta tunawa da fahimta, sun kuma bambanta fahimta da iya aiwatarwa. Malcolm Knowles kuwa, masanin ilimin manya ɗan Amurka, ya jaddada cewa babba yakan zo da gogewarsa, kuma sai ya ga amfanin abu kafin ya ba shi hankalinsa.

Malaman allo da na zaure

Su ne tsarin ba da takardar shaida ya fi mantawa da su. PGDE sai mai digiri ko babbar difloma, don haka alaramman da ya shekara talatin yana karantarwa ba shi da ƙofar shiga. Alhali makarantar allo ta daɗe tana yin abin da masu tsara koyarwa ke yabawa a yau: kowane almajiri da inda karatunsa ya tsaya, kuma ba a wanke masa allo sai ya biya daidai. Masu son rajista a cikinsu sukan nemi takardar sakandare tukuna, sannan su shiga NCE a fannin Larabci ko Addinin Musulunci.