Sake shirya fina-finan ban tsoro na ƙetare

Sake shirya fim shi ne a ɗauki labarin wani fim da ya riga ya fita, a sauya masa harshe da 'yan wasa da muhalli, a sake ɗaukarsa daga farko domin waɗansu 'yan kallo daban. Ya bambanta da fassara, inda hoton asali yake nan yadda yake, murya kawai ake ɗora masa. A cikin fina-finan da ake yi wa haka, na ban tsoro masu zubar da jini sun fi jawo gardama, domin yawanci sai an rage musu kaifi kafin sabuwar kasuwa ta karɓe su.

Tarihi

Kamfanonin Amurka ne suka mayar da abin sana'a a farkon wannan ƙarni. Fim ɗin Japan mai suna Ringu, wanda Hideo Nakata ya ba da umarninsa a 1998, ya koma The Ring a 2002, ya kuma kawo kusan dala miliyan 250 a duniya. Daga nan aka yi ta sayen haƙƙin labarai daga Japan da Koriya ta Kudu da Turai. Ba duka suka ci riba ba. Michael Haneke ya sake shirya fim ɗinsa na Ostiriya, Funny Games na 1997, da Ingilishi a 2007, kusan kowane hoto daidai da na asali, amma bai yi kasuwa ba. Martyrs na Faransa, na 2008, wanda ya yi ƙaurin suna wajen nuna azabtarwa, an sake yin sa a Amurka a 2015 an sassauta shi, sai masu sharhi suka yi masa ca. Shi ma Speak No Evil na Denmak, na 2022, an sassauta shi: a na asali iyayen sun mutu a hannun masu masaukinsu, a na Amurka na 2024 kuwa iyalin sun tsira.

Gardamar

Masu goyon baya suna cewa mutane da yawa ba sa jure karanta fassara a ƙasan allo, kuma sabon shirin kan sa a nemi na asali. Masu adawa suna cewa rashin tausayin da ke cikin waɗannan fina-finai shi ne saƙonsu, idan an cire shi sai labarin ya zama fanko. Duka biyun suna da hujja, sai dai akwai bambancin da ake yawan tsallakewa tsakanin jini da tsoro. Yanka da sara ba su buƙatar tafinta, kowa ya gani ya gane, don haka sake ɗaukar su asarar kuɗi ce. Tsoro kuwa yana da gida. Yarinyar Ringu mai farar riga da gashi ya rufe mata fuska ta fito ne daga tsohon hoton fatalwa na Japanawa, kuma abin da ya taimaki The Ring shi ne ya dogara da fargaba, jinin cikinsa kaɗan ne.

A Zariya

Mai kallo a Samaru ko Sabon Gari ko Tudun Wada galibi yana samun irin wannan fim a shagon masu tura fim a waya: ya miƙa memori, a zuba masa fina-finai da dama a kan kuɗi kaɗan. Da yawa an riga an fassara su da Hausa, irin aikin da ɗakunan fassara na Kano kamar Algaita suka shahara da shi, kuma mai fassara yakan sako barkwanci daidai inda aka so a firgita mutum. Wannan ya rage buƙatar sake shiri ƙwarai, tunda fassara ta fi araha nesa ba kusa ba.

Kannywood ta san aron labari, wanda 'yan fim ke kira wankiya, sai dai ta fi yi wa fina-finan soyayya na Indiya, kuma sau da yawa ba tare da sayen haƙƙi ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan haka. Fim mai jini kuma yana da shinge biyu na hukuma a gabansa. Zariya tana jihar Kaduna, amma yawancin fina-finan Hausa a Kano ake yin su, inda Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, da aka kafa a 2001, take duba su. Ga kuma hukumar tacewa ta ƙasa, wadda ta samo asali daga dokar 1993, wadda a 2024 ta tsaurara ƙa'ida a kan nuna tsafin kuɗi da kisan tsafi.

Shinge na uku yana zukatan 'yan kallo. A fim ɗin Hausa, idan boka ko aljani ya addabi gida, ana sa ran addu'a da ruƙiyya su yi nasara a ƙarshe. Labarin da aka gina shi a kan cewa mugu ya ci bulus, ko wanda ke wasa da tambayar abin da ke bayan mutuwa kamar Martyrs, in aka kawo shi nan dole a sauya masa ƙarshe, daga nan kuma ya tashi daga labarin da aka aro.

Abin da ya fi alamar riba shi ne a ari dabarar, wato yadda ake jan shiru da sarrafa haske da sauti, a zuba mata abin da ɗan Zazzau ya taso yana tsoro: tsohuwar rijiya a kangon gida cikin birni, gindin tsamiya da almuru, kashedin da iyaye ke yi kada a watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, maye mai kama kurwa, da labaran iskoki da ake dangantawa da dutsen Kufena. Ma'aikata ma ba a rasa ba, domin Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo a Samaru. Inda ake samun cikas shi ne kuɗin kwalliyar rauni da haɗa sauti, waɗanda in aka yi musu ƙwauro sai 'yan kallo su fashe da dariya a wurin da ya kamata su rufe ido.