Ɓacewar tsofaffin ƙananan motoci a Kaduna

Ɓacewar tsofaffin ƙananan motoci a Kaduna na nufin raguwar da aka samu, tun daga wajen ƙarshen shekarun 1990, ta motocin da a da su ne abin hawan ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban haya a garin. Waɗanda aka fi nufi su ne Peugeot 404 da 504 da 505, waɗanda Hausawa ke kira Fijo, sai Volkswagen Beetle da Igala, da Datsun 120Y, da 'yan Lada nan da can. A Turai ba a lissafa 504 cikin motocin talaka, amma a Nijeriya ita ce motar kowa, daga babban sakatare har direban tashar Kawo, shi ya sa ake saka ta a wannan sahu. Kaduna kuwa na da matsayi na daban a batun, domin a cikinta aka riƙa haɗa Fijo 504 har kimanin shekara 30.

Galibin waɗannan motoci ba rashin ƙwari ne ya kashe su ba. Ƙwarin ne ma ya sa aka yi ta morar su hannu bayan hannu har suka ƙare, a daidai lokacin da sababbi suka daina fitowa.

Asali

An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a watan Disamba na 1972, bisa haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa. Janar Yakubu Gowon ne ya buɗe masana'antar a Kakuri a watan Maris na 1975. Unguwar dama ta masana'antu ce, tun da masaƙar KTL ta fara aiki a can a 1957, UNTL ta biyo baya a shekarun 1960. A 1975 ɗin dai kamfanin Volkswagen ya fara haɗa Beetle a Ojo da ke Legas. Masana'antun manyan motoci sun zo daga baya: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu.

Ba ƙera mota ake yi a Kakuri tun daga ɗanyen ƙarfe ba, haɗawa ake yi. Sassa na zuwa daga Faransa cikin akwatuna, a yi walda, a yi fenti, a ɗora inji. Da yake tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a wancan lokaci, har jirage kan yi watanni suna jiran layi, sai aka riƙa ɗauko sassan ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, daga nan manyan motoci su kawo su Kaduna. An yi shekaru ana wannan jigila kafin a koma ta ruwa.

Abu biyu suka cika tituna da waɗannan motoci. Na farko ƙarin albashin Udoji, wato wanda kwamitin duba albashi na Udoji ya ba da shawara, aka biya ma'aikata ariyas ɗinsa a farkon 1975, ga kuma rancen mota da gwamnati ke bai wa ma'aikacin da ya kai wani mataki. Malamin sakandare ko akawun banki na iya fita da Beetle sabuwa dal, a riƙa cire kuɗin a albashi. Na biyu, bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta mai da 504 motar jami'an gwamnati har da manya. Daga nan ma'aikatu da 'yan sanda da sojoji da bankuna duk suka zama masu sayen Fijo, masana'antar Kakuri na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara zuwa farkon shekarun 1980.

Ƙirar ma ta dace da ƙasar. An fito da 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, har ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafun baya ne ke tura ta, kuma tana shanye gargada yadda fasinja ba zai jigata ba. Injinta na kafireta ne, babu na'urar da ta fi ƙarfin sifana da sukudireba. Ita kuwa Beetle, wadda Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, injinta a baya yake, but a gaba, kuma ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta.

Karyewar naira

A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, kuɗin waje ya yi wuya, masana'antun da ke dogaro da sassan waje suka fara rage aiki. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka fara gwanjon kuɗin waje a watan Satumba na shekarar, dala ta koma wajen naira 4, zuwa 1993 kuma ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati. Kuɗin sabuwar mota ya bar albashi a baya, rancen mota ya zama suna kawai. Aikin Volkswagen a Legas ya tsaya, wajen farkon shekarun 1990 bisa mafi yawan bayanai.

PAN ta ci gaba da numfashi da cinikin gwamnati. Shi ma ya ragu daga 2003, lokacin da gwamnatin tarayya ta daina saya wa yawancin ma'aikata motoci, ta koma ba su kuɗi a madadi. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin ASD Motors. An daina haɗa 504 a Kaduna tsakanin 2005 da 2006, sama da shekara 20 bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Masaƙun Kakuri ma a wannan tsakanin suka rufe, KTL a 2002, UNTL a 2007, wato masu sayen motar hannu a unguwannin kudancin garin su ma suka rasa abin saye.

'Yan Kwatano

Gurbin da sababbin motoci suka bari, motocin hannu na Turai ne suka cike shi. A kudu ana ce musu tokumbo ko Beljiyam, a Arewa kuma 'yan Kwatano, saboda ta tashar jiragen ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin ake sauke su, da yawa su bi ta Nijar su shigo ta iyakokin Katsina da Sakkwato. Golf, Opel, Mazda, Toyota Carina da Corolla da Starlet, da Honda iri-iri, sun zo da araha, sun zo da na'urar sanyaya ciki da gilashi mai hawa da kansa, kuma ba su shan mai kamar Fijo. Matashin da ya samu kuɗi a 1998 ba ya mafarkin 504, motar babansa ce.

Gwamnati ta sha sauya ƙa'idar shekarun motar da za a iya shigowa da ita, ta kuma hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Wannan ya ƙara wa 'yan Kwatano tsada, amma bai dawo da tsofaffin ba.

Daga ofis zuwa kasuwar ƙauye

Fijo a Kaduna tana da hanyar da ta saba bi. Ta fara a ma'aikata da direba da lambar gwamnati. Bayan wasu shekaru a yi gwanjonta, wani ma'aikaci ya saya ya kai yara makaranta. In ya yi ritaya, fansho ya ƙi fitowa, ya sa ta kabu-kabu ko ya sayar wa direban tasha. A nan wagon ta fi daraja, saboda kujerunta layi uku ne. A tashar Kawo ko Mando za ka gan ta an cusa biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, but ya ƙi rufuwa an ɗaure shi da igiya, ɗan kamasho na ta kiran saura mutum ɗaya Zariya. Da Golf wagon da Sharan da bas ƙirar Hiace suka karɓe manyan hanyoyi, sai Fijo ta gangara zuwa hanyoyin kasuwannin mako, irin su Giwa da Soba da Saminaka da Kasuwan Magani, inda masara da tumatir da awaki suka zama fasinjojinta.

A kowane mataki lodi na ƙaruwa, kulawa na raguwa. A-kori-kura ta 404 ko 504 akan ƙara mata sifirin don ta ɗauki abin da ya ninka ƙarfinta. A matakin ƙarshe tankin mai ya ɓule, sai a ajiye galan kusa da direba a ja tiyo zuwa kafireta. Kik ya mutu, sai turi. Ƙofa kuma da waya ake ɗaure ta. Mota kan yi shekaru a haka tana ciyar da gida, abin da ƙananan motocin zamani ba za su jure ba. Amma daga nan babu wani hannu na gaba. Haɗurran manyan hanyoyi, musamman ta Kaduna zuwa Zariya da Kano, sun cinye nasu kason, haka ma rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011, waɗanda aka ƙona motoci a cikinsu.

Kayan gyara da makanikai

Muddin ana haɗa mota a Kakuri, kayanta na asali na samuwa a shagunan dillalai. Da aka daina, sai aka koma kan na hannu da kuma jabu. Na hannun kuwa daga jikin wata motar suke fitowa, don haka kowace Fijo da ke tafiya tana tafiya ne da sassan 'yan'uwanta da aka yanka. Inji da giya ba su cika wuya ba. Abin da ke fara ɓacewa shi ne gilashin gaba, fitilu, robar ƙofa, mariƙin ƙofa, da allon gaban direba. Beetle ta riga Fijo shiga wannan hali da shekaru masu yawa.

Makanikai ma sun sauya. A da garejoji sun rabu ne bisa ƙira, wannan na Fijo, wancan na Volkswagen, wancan na motocin Japan, kuma ogan gareji na iya saita kafireta da kunne, ya goge kontak da 'yar takardar yashi mota ta tashi. Yaran da ke koyon aiki yanzu a wurare irin su Kurmin Mashi sun fi ganin injin injekta da na'urar kwamfuta mai gano matsala, saboda nan abinci yake. Maganar da takan yanke wa tsohuwar mota hukunci gajeruwa ce: Alhaji, kuɗin gyaran nan ya fi kuɗin motar.

Panteka da 'yan gwangwan

Kasuwar Panteka ita ce zangon ƙarshe, kuma ba a zubar da komai a cikinta. Ana ware abin da zai sake shiga wata mota. Alminiyam, irin na kan inji, yana zuwa wurin masu zubin tukwane. Lagireto da wayoyi ana sayensu don jan ƙarfen da ke ciki, batir don dalma. Falankin bodi maƙera na yanka shi su yi murhu ko kasko ko ƙyaure. Sauran ƙarfe a auna a kilo, a loda a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe na Legas da Ogun, ya dawo a matsayin rodin gini. Tun da sana'ar gwangwan da jari-bola ta bunƙasa, mataccen bodin da a da zai shekara goma a bakin gareji kaji na ƙwai a ciki, yanzu da wuya ya daɗe ba a taya shi ba.

Tsatsa

A Turai gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye ƙasan mota. A Kaduna tsatsa ba ta wuce daɓen mota da gindin ƙofa, inda ruwan damina ke kwanciya.

Mai da dokokin hanya

Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura naira 1,000 a 2024. Injin lita biyu mai tsohuwar kafireta ba ya fitar da kuɗin mansa a haya. Cikin gari dama Keke Napep da ƙananan bas sun riga sun ƙwace fasinja. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, na neman takardu da fitilu da tayoyi masu kyau, abin da ke sa mai tsohuwar mota ya guji manyan tituna.

Saɓani

Ana saɓani kan abin da ya durƙusar da masana'antar Kakuri. Wasu na ɗora laifi kan sauye-sauyen manufofin gwamnati da fasa-ƙwauri, wasu kan gazawar samar da sassa a cikin gida, wasu kan yadda aka tafiyar da kamfanin bayan sayar da shi. Hukumar AMCON, mai karɓar basussukan bankuna da aka gaza biya, ta karɓe shi a 2012 saboda bashi. A 2022 wani kamfani daban, Dangote Peugeot Automobiles Nigeria, ya fara haɗa Peugeot a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Waɗanda suka rage

A-kori-kura ce ta fi yawa cikin abin da ya saura, tana dakon itace da bulo da yashi a gefen gari. Salun kuwa sai a gidajen tsofaffin ma'aikata a unguwanni irin su Malali da Unguwar Rimi da Barnawa, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace, iyali sun kasa sayarwa saboda ta marigayi ce, har ranar rabon gado a yi mata kuɗi. Akwai 'yan tsirarun masu sha'awa da ke gyara 504 ko Beetle su fito da ita ranar biki, amma ba su kai su riƙe kasuwar kayan gyara ba. Motocin da suka kori Fijo ma sun kama hanyarta: Golf 2 da Starlet da Carina, waɗanda suka cika garin a shekarun 2000, yanzu an fi ganinsu a tashoshin ƙauye da kuma layin masu yanka a Panteka.