Fiƙe tsinin ƙarfe a injin sassaƙa mai juyi

Fiƙe tsini aiki ne da ake ɗaura sandar ƙarfe a bakin inji tana juyawa, wuƙar injin kuma tana cin ta a karkace har kauri ya dinga raguwa ya ƙare da tsini, kusan dai yadda ake fiƙe fensir, sai dai nan ƙarfen ne ke juyi wuƙar tana bin gefensa. Da haka ake yin ƙarfen buga alama kafin huda, da tsinin da magina ke ratayawa a igiya don duba miƙewar gini, da tsinin ƙafar kyamara da na sifika, har da tsinin da shi kansa injin yake tallafe aiki da shi. Ƙusa kam ba haka ake yin ta ba, daga waya wani inji daban yake datse ta.

Tarihi

Injin tsohon abu ne sosai. Wasu marubuta suna kai asalinsa Masar wajen shekara 1300 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu ba su yarda ba, abin da aka fi dogara da shi dai zane ne a kabarin Petosiris, wani limamin addinin Masar ta da, na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum biyu, ɗaya na jan igiya ɗaya na riƙe da abin sassaƙa. Amma duk wannan na itace ne, kuma hannu ke riƙe wuƙar, to ƙarfe ba ya yarda da rawar hannu, shi ya sa a da tsinin ƙarfe maƙeri ne ke fitar da shi da wuta da guduma sannan ya bi da magagari.

Abin ya canza ne da aka samu teburin da ke riƙe wuƙa yana tafiya da ita a kan layi. Wa ya fara, akwai saɓani: ana ambaton Andrey Nartov na Rasha wajen 1718, da Jacques de Vaucanson na Faransa wajen 1751, amma Henry Maudslay na Ingila shi ya fi yin suna da injinsa na wajen 1800, kuma gaskiya ya cancanta, don daga shagonsa ne salon ya bazu. A 1864 Stephen Morse a Amurka ya fito da ma'aunin karkata na gindin kayan aikin da ake cusawa a inji, wanda har yau ake kira da sunansa. Ita ma wuƙar ta samu ci gaba, Robert Mushet ya haɗa ƙarfe mai tonstin, wani ma'adini mai tauri, a 1868, sannan Frederick Taylor da Maunsel White suka nuna ƙarfen da ke yanka ko ya yi ja don zafi a baje kolin Faris na 1900.

Yadda ake yi

Hanyar da aka fi bi ita ce a juya ƙaramin teburin sama, wanda wuƙar ke zaune a kansa, zuwa rabin kusurwar da ake so. In tsinin digiri 60 ake nema sai a sa teburin a digiri 30 daga layin tsawon sandar, a dinga tura wuƙar da hannu a hankali, kaɗan kaɗan. Misali sanda mai kaurin milimita 20, tsininta na digiri 60 zai ci tsawon milimita 17 da ɗan ɗori. Tsinin tallafe aiki galibi 60 ne, na buga alama kuwa 90, don ya jure duka.

Wahalar duk tana can ƙarshe. Da an matso tsakiya gudun fatar ƙarfen yana raguwa har ya zama babu a daidai tsinin komai gudun injin, sai wuƙar ta koma gurza maimakon yanka, ga wurin ya sirance yana lanƙwasa, in an matsa masa ya hau kan wuƙar ya karye. Shi ya sa dole bakin wuƙar ya zauna daidai tsayin tsakiya, in ya yi ƙasa zai bar ɗan ƙullutu, in ya yi sama ba zai ci ba. Kuma ba a barin sanda ta leƙo daga bakin inji fiye da kamar ninki 3 na kaurinta ba tallafi. In tsinin dogo ne siriri masu aikin sukan bar ɗan guntu a ƙarshe su tokare shi da wutsiyar injin, wato matokarin da ke fuskantar bakin injin, sai an gama a cire guntun a ƙarasa da magagari da sanfefa, wannan dabara ce mai kyau ƙwarai kuma ta fi gaggawa amfani.

Akwai kuma goce wutsiyar injin gefe, da wata sandar jagora da ake ɗaurawa a bayansa, amma waɗannan na doguwar karkata ce marar tsanani.

Taurarawa

Ƙarfe mai isasshen kabon ake gasawa ya yi ja, zafi wajen digiri 800 a ma'aunin Celsius, a tsoma a ruwa ko mai, a sake ɗumama shi kaɗan har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa don kar ya fashe. Ƙarfe mai laushi na yau da kullum ba ya taurara ta wannan hanyar.

Hatsari

Ba a sa safar hannu ko riga mai dogon hannu sakakke, ba a barin makullin ɗaure sanda a bakin inji, ba a share ɓarɓashi da yatsa. Goga da magagari marar mariƙi a kan ƙarfe mai juyi na iya huda tafin hannu.

A yau

Masana'antu da injin kwamfuta suke yi yanzu, wanda ake rubuta masa kusurwa ya bi da kansa.