Mafarkin ido biyu mai cinye wa mutum rayuwa: tambayoyi da amsoshi

Wai ba kowa ne ke saƙe-saƙe a zuci ba, to meye abin damuwa a ciki?

Kowa na yi kam. A 2010 wasu masu bincike biyu a jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun gano kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin da mutum yake a farke hankalinsa ba ya kan abin da yake yi. Amma wanda nake magana a kai daban ne, shi mutum ya gina wata duniya ce sukutum a kansa, da mutanenta da sunayensu da gidajensu da rigimarsu, labari ne mai ci gaba kullum, wani ma shekara da shekaru yake kai yana ƙara masa rassa. Sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi awa uku awa huɗu a ciki, abinci ya huce, karatu ya tsaya, sallah ta wuce, kuma ko ya ce yau ba zai yi ba sai ya tsinci kansa ya koma.

Wa ya fara bayanin abin?

Wani masanin halayyar ɗan Adam ne a jami'ar Haifa, Eli Somer, a 2002. Marasa lafiyarsa shida ya rubuta labarinsu, duk sun sha wuya a yarinta, suka mayar da wannan duniyar ta zuci wurin fakewa. Daga baya aka ga ba lallai sai an ci zarafin mutum ba, kaɗaici ma kawai ya isa. Har yau dai manyan kundayen da likitoci ke amfani da su wajen tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, DSM-5 da ICD-11, ba su sa shi a matsayin cuta mai zaman kanta ba, shi ya sa za ka je wajen likita ka yi masa bayani ya ce bai taɓa ji ba.

Ta yaya zan gane ina da shi?

Abin da ya fi fitowa shi ne motsi. Kai-komo a ɗaki, ko jijjiga jiki, ko juya wani abu a hannu, ga iyafis a kunne domin waƙa ita ce babbar mai kunna shi. Fuska tana canzawa, mutum ya yi murmushi shi kaɗai, ya motsa leɓe, wani har hawaye yake saboda wani ya mutu a labarin. Amma ni a ganina ba nan ma'aunin yake ba, akwai masu zurfin tunani haka kuma harkokinsu na tafiya lafiya lau, su ba matsala gare su ba. Tambayar ita ce me yake ƙwace maka, kuma kana iya tsayawa in ka so? In jarrabawa ta zo ba ka buɗe littafi ba, in ana sallama kana jin haushi don an katse ka, to abin ya wuce wasa.

To ba taɓin hankali ba ne? Wasu ma cewa suke aljanu ne.

Wannan tambayar ce ta fi damuna wallahi, saboda a gidajenmu in aka leƙa aka ga yarinya tana zagaye ɗaki tana magana ita kaɗai tana dariya, kafin a tambaye ta komai an kira mai ruƙiya. Alhali ita ta san sarai cewa labarin ba gaskiya ba ne, ita ce ke tsara shi, ba ta jin wata murya daga waje, in ka kira sunanta za ta amsa nan take ta ma ji kunya. Wannan shi ne bambancinsa da ciwon da ke sa mutum ya kasa raba gaskiya da abin da ke kansa. Addu'a kam a yi mata, amma Mama ki zauna ki tambaye ta me ke damunta, sau da yawa akwai abin da take gudu.

Wace illa yake yi wa lafiyar ƙwaƙwalwa?

Daɗinsa shi ne tarkon. A can ciki ana son ka, kai ne gwani, da ka fito sai ka tarar da rayuwarka yadda ka bar ta ko ma ta ƙara lalacewa, sai baƙin ciki da zargin kai su taso, maganinsu kuma sai ka sake komawa ciki, haka za ka yi ta juyawa. Barci na lalacewa, abokai na raguwa. Kuma ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba, yawanci ana samunsa tare da ciwon damuwa, da yawan fargaba, da matsalar tara hankali wuri ɗaya wato ADHD, da kuma OCD mai sa maimaita abu ba bisa son rai ba. Ga ɓoyewa, mutum ya shekara goma yana ganin shi kaɗai ne a duniya mai wannan hali.

Akwai magani?

Babu wata ƙwaya da aka tabbatar ta wannan ce takamaimai, don Allah kar wani ya je kemis ya sayi abu da ka. Abin da ke taimakawa shi ne ka fara rubuta yaushe yake zuwa maka da abin da ya tayar da shi da tsawon lokacin da ya ci, ka rage waƙar da ka san ita ce ke jan ka, ka daina dogon zama kai kaɗai a ɗaki, ka koyi dawo da hankalinka kan abin da ke gabanka duk sanda ya zame. In akwai damuwa ko fargaba a ƙasa to ita ya kamata a fara dubawa, kuma akwai inda ake yi, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ko na Dawanau a Kano. In ka je ka faɗa wa likitan awa nawa yake ci maka a rana da abin da ya hana ka yi, da wannan zai fi saurin fahimtarka ko da bai san sunan abin ba.