Kafin ka sare dajin kan dutse ka yi gona, tona rami tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma, musamman ku da kuke zaune a gindin duwatsu irin na Ningi da Toro da Riruwai da Zuru da Kagoro. A matsayina na malamin gona maganar da ke ci mani tuwo a ƙwarya ita ce yadda yanzu da gonaki suka yi ƙaranci kowa ya ɗau gatari ya nufi kan tudu, a sare itace a yi gawayi, a cinna wa sauran wuta, a tsince duwatsu a zubar a kwari, a shuka masara. Shekarar farko ta yi kyau har a riƙa cewa ai ƙasar dutse ta fi ta fadama, toh amma ka koma wajen bayan damina uku ko huɗu, falalen dutse kawai za ka tarar yana ƙyalli.

Ƙasar dajin kan dutse tana da ruɗi. Baƙin nan da kake gani a sama mai laushi da ƙanshi ruɓaɓɓen ganye ne na marke da hano da kukkuki da geza, wanda gara da tsutsa suka yi shekara da shekaru suna cakuɗawa, kuma sau da yawa kaurinsa bai wuce yatsu uku ko huɗu ba. Ƙarƙashinsa tsakuwa ce da ɓarɓashin dutse, ƙarƙashin wannan kuma dutsen ne kansa. Duk ƙarfin ƙasar yana cikin wannan 'yar fata ta sama, kuma itatuwan da kake son sarewa su ne suke ciyar da ita duk shekara, saiwoyinsu kuma su suka riƙe ta kar ta gangara. Ruwa yana shiga cikinta da sauri amma ba shi da wurin zama, shi ya sa za a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ganyen masara ya fara naɗewa alhali gonar maƙwabcinka da ke ƙasa shar take.

Masana ƙasa sun ba ta suna, a tsarin rabe-raben ƙasa na duniya wanda FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke amfani da shi ana ce mata Leftosol. Sharaɗin kuwa shi ne in ka tona ka ci karo da dutse a shimfiɗe kafin santimita 25, wato kusan taƙi ɗaya na babban mutum, ko kuma ramin ya yi zurfi har santimita 75 amma ainihin ƙasar da ke ciki ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, sauran duk duwatsu ne da tsakuwa. In kaurin ƙasar da ke kan dutsen bai ma wuce santimita 10 ba wannan ita ce mafi sirantaka, tsofaffin littattafai suna kiranta Litosol, 'yan uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci har yanzu za ka ji sunan a bakinsu. Su masana duk abin da ya fi milimita 2 girma ba sa lissafa shi a matsayin ƙasa, don ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe taki.

Ba sai ka je ɗakin gwaji ba kafin ka san wacce kake da ita. Ɗau diga da shebur ka tona rami uku, ɗaya a saman tudun, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gindi, in diga ta yi ƙara ta dawo maka a hannu ka sa taƙi ka auna. Sannan ka cika kwano da abin da ka tono ka tankaɗe a rariya, ka dubi abin da ya zuba da abin da ya tsaya, wallahi mutane da yawa sai a nan jikinsu yake sanyi, kwano guda amma garin ƙasar bai cika tafin hannu biyu ba. Galibi za ka ga na sama ne mafi siranta, na tsakiya dama-dama, na gindi kuma ya kai kamu ɗaya ko fi saboda duk abin da ruwa ya kwaso daga sama nan yake sauke shi. Wannan ta gindin ta riga ta fita daga layin Leftosol, ita ce za ka iya nomawa hankali kwance. Ka kuma duba irin dutsen, wanda ake fasawa a yi kankare irin na Ningi da Riruwai in ya ruɓe yashi mai kaushi yake bayarwa marar ƙarfi, shi kuwa baƙin dutsen tsohon aman wuta irin na Biu da Panyam yana ba da ƙasa mai laka wadda ta fi riƙe ruwa da abinci. Marmara kuma wani abu ne daban, kar a haɗa su.

Inda ka samu ƙasa ba ta kai taƙi ba kuma ga gangara, dan Allah ka bar wa itace wurin. Ba asara ka yi ba, ka rataya amya, ka yi sassabe da hankali kana rage reshe ba kana tuge gindi ba, ka sami ciyawar dabbobi da itacen girki da magani duk shekara. Santimita ɗaya tak na wannan ƙasar sai ta ɗau ɗaruruwan shekaru kafin ta samu daga dutse, ruwan dare ɗaya kuma ya isa ya tafi da ita in ba abin da ya rufe ta.

Inda kuma dole sai ka noma, to duwatsun nan da kake jin haushinsu kar ka sayar wa masu tifa. Ƙananan ka bar su a warwatse a gonar, suna karya ƙarfin ɗigon ruwa suna hana rana shanye danshi, ɗaga ɗaya da rana tsaka ka taɓa ƙarƙashinsa za ka ji sanyi da laima. Manyan kuma ka jera su layi-layi a gicciye, su tare gangarar, ka ɗan tona gurbi ka dasa na ƙasan don kar ruwa ya bi ta ƙarƙashi, ka toshe ƙofofin da ƙanana, tsayin taƙi ɗaya ya isa a fara. Tiyon ruwa na magina shi za ka yi amfani da shi ka daidaita layin, don in ya karkata ruwa zai taru a gefe guda ya fasa ya buɗe maka kwazazzabo. Iya tsananin gangara iya kusancin layukan da juna. Kunya ma a gicciye za ka yi ta, kar ka bi gangara don sauƙin huɗa.

Wannan ba sabon abu ba ne da turawa suka kawo. Mutanen duwatsun Gwoza a jihar Borno da na Sukur a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa sun gaji gina matakala ta dutse suna noman dawa da gero a kai tun kaka da kakanni, har UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999 kuma matakalan nan suna cikin dalili. A Keita ta jihar Tawa a Nijar aikin da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, da jeren dutse da ramukan dasa itace aka farfaɗo da tuddan da suka zama fako, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka.

Abin shuka kuma ka zaɓi wanda zai iya da ƙishi, acca, gero, wake, riɗi, gurjiya, masara ka bar ta a gindin tudu. Takin gargajiya ya fi zama a irin wannan ƙasa, in za ka sa na zamani ka raba shi biyu ka binne kusa da shuka, in ka watsa gaba ɗaya ruwan farko zai kai wa na ƙasa da kai. Kara da ganye kar ka ƙone su bayan girbi, jera su a bayan layin dutsen. Aikin jeren kuma da rani ake yinsa a gayya, ku fara daga saman gonar ku gangaro, kafin ruwan shuka ya sauka.