Bayan an rage hanji: kada tsoron gudawa ya raba ka da abinci

Wani dattijo da aka yanke wa babban kaso na ƙaramin hanji, aka fito da bakin sauran ta fatar ciki aka manna masa jakar tara bayan gida, ya dawo mana kwana goma bayan sallama. Idanu sun faɗa, harshe ya bushe ƙamas. Matarsa na rungume da gorar ruwa biyu da kwalin lemon zaƙi. Na ce, "Baba, me kake ci a gida?" Ya ce, "'Yata, ai na haƙura da ci. Ina ci jakar ke cika. Ruwa kawai nake ɗura wa cikina, ƙishin kuma ko gezau." Kuskure biyu ke nan, duka da kyakkyawar niyya.

Ƙaramin hanjin baligi yakan kai kimanin mita 6, kuma kowane sashe da aikinsa. Farkonsa ke tsotse sinadarin ayon, tsakiya ta kwashi mafi yawan abinci, ƙarshensa kuwa shi kaɗai ke ɗaukar bitamin B12 da mayar da ruwan matsarmama cikin jini. Idan abin da ya rage bai kai mita 2 ba, likitoci na kiransa gajeren hanji. Saboda haka ka tambayi likitan da ya yi aikin: wane sashe aka cire, nawa ya rage, babban hanji yana haɗe ko kuwa? Shawarar abincinka a kan amsar nan za ta tsaya.

Abin da yawancin majinyata ba a gaya musu shi ne, hanjin da ya rage yana ƙoƙarin ɗaukar aikin wanda aka cire. Bangonsa na ciki cike yake da 'yan tsirarrun yatsu kamar gashin tawul. Bayan aiki sukan ƙara tsawo, hanjin ya ƙara faɗi, tafiyar abinci ta ragu. Wannan kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. To amma ba ya faruwa a hanjin da ke zaune haka kawai. Sai abinci ya taɓa bangon, sannan wasu ƙwayoyin halitta da suka fi yawa a ƙarshen ƙaramin hanji da cikin babban hanji su saki homon, wato sinadaran da ke kai saƙo a cikin jiki. Ɗaya sunansa GLP-2, shi ke sa bangon ya yi kauri, jini ya ƙaru a wurin. GLP-1 da PYY kuma birki ne, suna hana tumbi saurin turo abinci. Mutumin da ya dogara ga abincin da ake ɗura masa ta jijiya kaɗai, bakinsa bai taɓa komai ba, bangon hanjinsa lalacewa yake yi. Shi ya sa muke matsa wa majinyaci ya fara ci da zarar likita ya ba da izini, ko da cokali uku ne.

Wanda aka cire masa ƙarshen hanjin, kuma babban hanji ba ya haɗe, irin dattijon nan, ya rasa birkin. Abinci wucewa yake kamar an buɗe famfo. Maganinsa ba barin ci ba ne, ƙara ci ne, tunda wani kaso kawai jiki ke samu: kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, a tauna sosai, a sa gishiri, a jinkirta shan ruwa zuwa bayan an gama. Akan ba da maganin loperamide kamar minti 30 kafin ci don a rage gudun, da omeprazole domin homon gastrin kan tashi a watannin farko, ya sa tumbi ya kwararo ruwan tsami fiye da kima. Akwai kuma allurar teduglutide, kwaikwayon GLP-2, wadda aka amince da ita a Amurka da Turai a 2012, bayan binciken Daniel Drucker na Toronto ya gano aikin homon ɗin a 1996. GLP-2 ɗin da jiki ke yi minti kaɗan yake yi ya lalace, allurar kuwa ta fi daɗewa. Tana da tsada ƙwarai, kuma ba kowa ta dace da shi ba.

Sai batun ruwa, inda na fi shan gardama. Tsakiyar hanji ba ta riƙe gishiri. Idan tsurar ruwa ya shiga, sai ya janyo gishirin jiki ya fice da shi. Lemon zaƙi ya fi muni, ruwan jikin ma yake jawowa. Ka sha, ka zubar, ƙishi ya ƙaru. Abin da ke tsayawa shi ne ruwan gishiri da sikari da aka auna daidai, domin gulukos da gishiri tare suke ratsa bangon hanji, ruwa ya bi bayansu. A riƙa kurɓa a hankali tsawon yini. Wannan doka ta mai gajeren hanji ce, ba ta duk wanda aka yi wa aikin ciki ba.

Mai babban hanji a haɗe ya fi sa'a. Ƙwayoyin bakteriya da ke ciki suna narka ragowar sitaci su mayar da shi abin da jiki ke amfani da shi, don haka shinkafa, dankali da burodi sun fi abinci mai maiƙo amfani a gare shi. Maiƙon da bai tsotsu ba yana kama kalsiyam, ya bar sinadarin okzalet ya shiga jini ya zama tsakuwar ƙoda. Sai ya sassauta wa alayyafo, cakulan da shayi mai kauri.

Ƙarancin B12 yakan ɓuya shekaru, domin hanta na da ajiya. Ranar da tafin ƙafa ya fara dindiris ko mantuwa ta yi yawa, an riga an yi nisa, saboda haka a riƙa gwajin jini, allurar B12 kuma kada a tsallake. Idan fitsari ya ragu ya yi duhu, jiri na ɗibar ka in ka miƙe, tsoka na ɗaurewa, ko nauyi na zubewa mako bayan mako, a koma asibiti ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.

Dattijon nan sai da aka yi masa ƙarin ruwa kwana uku. Da zai tafi, matarsa ta bar mana kwalin lemon a kan tebur, ta karɓi kofin awo da takardar da za ta riƙa rubuta abin da jakar ta tara kowace rana.