Bambancin ɗanɗano tsakanin barasa masu ƙarfi

Barasa masu ƙarfi su ne irin su wiski, bodka, jin, ram, burandi da takila, wato waɗanda bayan an bar hatsi ko 'ya'yan itace sun yi tsami sai a dafa ruwan a kama tururinsa. Dabarar dai ita ce sinadarin etanol yana tafasa a wajen digiri 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, shi ya sa tururin farko ya fi ƙarfi. Yawancinsu ana sayar da su da ƙarfin kashi 40 cikin ɗari ko kusa da haka. To tunda etanol ɗin ɗaya ne a kowace kwalba, musun da mashaya ke yi kan wacce ta fi daɗi duk a kan 'yan sinadaran da suka rage ne, waɗanda suka fito daga abin da aka dafa da kuma gangar da aka ajiye ta.

Bodka ta Rasha da Poland ita ce wadda aka fi wankewa, a tace a sake tacewa, wani lokaci da gawayi, har ta kusa rasa ƙamshi. Jin kusan haka take farawa, sai a saka mata 'ya'yan wani itace mai ƙamshi da ake kira junifa. Ram daga rake ake yin ta, ta Jamaika tana da nauyin ƙamshi kamar ayabar da ta nuna ta wuce. Takila kuwa daga tsiron agabe ne a Meziko, akasari jihar Jalisco. A Sin akwai baijiu da ake yi da dawa, shahararriyarta Moutai tana kaiwa kashi 53, baƙi da yawa ba sa iya ta a karon farko.

Inda musu ya fi zafi shi ne wiski. Dokar Sukotlan ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok kafin a kira shi da sunan ƙasar, kuma a tsibirin Islay ana busar da sha'ir da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama da ake ƙonawa, daga nan ne irin su Laphroaig da Ardbeg suke samo warin nan, masoyansa su ce hayaƙi ne da iskar teku, waɗanda ba sa so su ce warin asibiti ne kawai, kuma gaskiya dukkansu ba su yi ƙarya ba domin sinadaran fenol da ke cikin hayaƙin dangin na maganin wanke ciwo ne. Burbon, wiskin Amurka, dole masara ta kai kashi 51, a zuba a sabuwar ganga da aka babbake cikinta, sai ya fito da zaƙi-zaƙi da ƙamshin banila. Burandin Cognac na Faransa daga inabi yake, ana dafa shi sau biyu a tukunyar tagulla, alamar VS na nufin aƙalla shekara 2 a ganga, VSOP 4, XO kuma 10 tun daga 2018.

Amma harshen mutum ma yana da nasa. Zafin da ake ji a maƙogwaro ba ɗanɗano ba ne, etanol yana taɓa jijiyoyin da barkono ke taɓawa ne. Sannan akwai ƙwayar gado mai suna TAS2R38 da ke sa wasu jin ɗaci fiye da wasu, abin da wani ya ji da laushi wani zai ji kamar maɗaci. Mafi yawan abin da ake cewa ɗanɗano ma aikin hanci ne, shi ya sa wasu ke ɗiga ruwa a wiski, a 2017 masu bincike biyu a jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun nuna cewa sirkawa da ruwa tana sa sinadarin ƙamshin hayaƙi ya taru a saman kofi.

Sai kuma suna da tsada, waɗanda ke yaudarar mutane ba kaɗan ba. A 2005 jaridar New York Times ta haɗa gwajin bodka iri 21 ba tare da masu ɗanɗanawa sun ga kwalba ba, Smirnoff mai araha ce ta zo ta ɗaya.

Ta fuskar lafiya babu wadda ta fi wata sauƙi, hukumar binciken cutar kansa (ciwon daji) ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa tun 1988. Ɗan bambancin da aka gani a washegari ne. Wani bincike na 2010 a Amurka ya gano waɗanda suka sha burbon sun tashi da ciwon kai da kasala fiye da waɗanda suka sha bodka, saboda yawan waɗancan sinadaran masu ba da launi da ƙamshi, amma a gwajin natsuwa da saurin aiki duk lalacewa ɗaya suka yi.